Daga Dabara Zuwa Hannun Mai Saye: Matsayin Aiwatarwa a Ƙirƙirar Kasuwanci

Tsakure

Wannan takarda ta duba abin da ke faruwa tsakanin ranar da aka ƙago wata dabara da ranar da jama'a suka fara zaro kuɗinsu suna biya dominta. Ta ɗauko misalai daga Ingila da Kenya da Amurka, sannan ta dawo gida ta tsaya a kan masana'antar tumatir ta Kadawa da cinikin gyaɗar Kano na 1912. Matsayin takardar shi ne, a fagen aiki dabara take samun siffarta ta ƙarshe, kuma a nan ne ake gina abubuwan da in babu su ba za ta kai ga mai saye ba. Takardar ta kuma amsa suka guda biyu da ake yi wa wannan ra'ayi.

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa duba tsarin kasuwanci da ɗalibai ke rubutawa ya san wata ɗabi'a. Ɗalibi zai zo da takardarsa yana ɓoye-ɓoye, ya roƙe ka kada ka nuna wa kowa, don kada a sace masa dabara. Idan ka buɗe, za ka tarar da shafi goma a kan kyawun abin da ya hango, da rabin shafi a kan yadda za a yi shi. Wa zai kawo ɗanyen kaya, a kan nawa, a wane wata? Wa zai gyara injin idan ya tsaya? Mai kanti zai biya nan take ne, ko sai ya sayar? Waɗannan tambayoyi ba su cika samun wuri ba.

Ban ga laifin ɗaliban ba, domin abin da muka koya musu ke nan. Labaran da muke ba su na manyan 'yan kasuwa duk suna farawa ne da ranar da tunani ya faɗo wa mutum, su tsallake zuwa ranar da ya yi arziki. Shekarun da ke tsakani, waɗanda a cikinsu aka yi aikin, sai mu dunƙule su a kalmar “jajircewa”. A nan gizo ke saƙar, kuma waɗannan shekaru ne abin nazarin wannan takarda.

2.0 Ƙagowa daban, shigar da abu kasuwa daban

Joseph Schumpeter, masanin tattalin arziki ɗan ƙasar Ostiriya, ya raba waɗannan abubuwa biyu tun a littafinsa na 1911 a kan bunƙasar tattalin arziki. A wurinsa, wanda ya ƙago abu da wanda ya shigar da shi harkar saye da sayarwa ayyuka biyu suke yi, ko da mutum ɗaya ne ya haɗa su. Abin da aka ƙago, matuƙar yana kwance a ɗakin gwaji, ba ya motsa tattalin arziki. Aikin ɗan kasuwa mai ƙirƙira shi ne ya harhaɗa abubuwa ta sabuwar hanya kuma ya tabbatar an yi: sabon kaya, ko sabuwar hanyar sarrafawa, ko sabuwar kasuwa, ko sabon wurin samun ɗanyen kaya, ko sabon tsarin gudanar da sana'a. A wannan takarda zan riƙa cewa “ƙagowa” ga na farko, “ƙirƙirar kasuwanci” ga na biyu. Da “aiwatarwa” kuwa ina nufin ayyukan yau da gobe da ke mai da na farko ya zama na biyu.

Schumpeter bai yi dogon bayani a kan yadda ake wannan aiki ba. Wanda ya matsa da maganar gaba shi ne David Teece, a wata maƙala da ya wallafa a 1986, inda ya yi tambaya mai sauƙi: me ya sa sau da yawa wanda ya fara kawo abu ba shi ke cin ribarsa ba? Cikin misalan da ya bayar akwai kamfanin EMI na Ingila.

An fi sanin EMI da faifan waƙa da kayan lantarki. Wani injiniyansa, Godfrey Hounsfield, shi ya ƙera na'urar sikanin CT, wadda ke nuna cikin ƙwaƙwalwa ba tare da an tsaga kai ba. An fara gwada ta a kan mara lafiya a watan Oktoba na 1971, a asibitin Atkinson Morley da ke Landan. Ba ƙaramin abu ba ne, domin a 1979 Hounsfield ya sami kyautar Nobel tare da Allan Cormack. Sai dai babbar kasuwar na'urar tana Amurka, kuma EMI ya shiga can ba shi da tsohuwar hulɗa da asibitoci, ba shi da rundunar masu tallar kayan asibiti, ba shi da isassun masu gyara da za su isa asibiti cikin sa'o'i idan na'ura ta tsaya. Kamfanin General Electric kuwa ya daɗe yana sayar wa asibitocin nan na'urorin ɗaukar hoton ƙashi. Likitocin sun san mutanensa, kuma masu gyaransa suna ko'ina. Da ya fito da tasa na'urar, wadda ta fi sauri, sai kasuwa ta juya. A shekarar da Hounsfield ya karɓi kyautarsa aka haɗe EMI da kamfanin Thorn, a 1980 kuma aka sayar wa General Electric mafi yawan harkar na'urar.

Teece ya ce abin da EMI ya rasa shi ne kadarorin da ke raka fasaha zuwa kasuwa. Ni zan kira su “mahaɗi”, domin Bahaushe ya san tuwo komai kyansa ba ya ciwuwa gaya. Masana'antar da za ta iya fitar da kaya da yawa ba tare da inganci ya faɗi ba, hanyar rarrabawa, masu gyara, sunan da mai saye ya amince da shi, duk mahaɗi ne. Inda takardar mallakar fasaha ba ta iya hana wasu kwaikwayo, riba tana tafiya ne wajen mai mahaɗin.

Na yarda da Teece, amma ina ganin bayaninsa ya tsaya a rabin hanya. Yana nuna kamar dabara ta riga ta kammala, abin da ya rage a nemo mata 'yan rakiya. Misalin da ke tafe ya nuna cewa sau da yawa dabarar kanta ba ta san inda ta dosa ba sai an fita da ita.

3.0 M-Pesa: abin da aka tsara da abin da aka tarar

Kowa ya san M-Pesa a matsayin hanyar aika kuɗi ta wayar hannu a Kenya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ba don haka aka ƙirƙire ta ba. Nick Hughes na kamfanin Vodafone ya sami tallafi daga hukumar raya ƙasashe ta Birtaniya don a gwada wata hanya da masu karɓar ƙananan rance za su riƙa biyan bashinsu ta waya, ba sai sun taru kowane mako da tsabar kuɗi ba. Aka tura Susie Lonie zuwa Nairobi ta jagoranci aikin tare da kamfanin Safaricom. A watan Oktoba na 2005 aka fara gwaji da mutane kusan 500, abokan hulɗar wata cibiyar ba da rance mai suna Faulu Kenya.

Da masu aikin suka zauna suna bin sawun yadda kuɗi ke yawo a cikin tsarin, sai suka ga abin da ba su shirya masa ba. Wasu suna biya wa 'yan uwansu bashi. Wasu 'yan kasuwa suna biyan junansu kuɗin kaya. Wasu suna zuba kuɗi kafin su hau mota, su cire idan sun sauka, don gudun ɓarayin hanya. Wasu suna ajiye cinikin yini da daddare saboda banki ya rufe. Da yawa kuma suna aika wa iyalansu a ƙauye. A ɗaya gefen, haɗa tsarin da littattafan lissafin cibiyar rancen ya zama wahala, domin yawancin aikinta a takarda ake yi. Sai masu aikin suka yanke shawara mai nauyi: suka ajiye maganar rance, wato dalilin da aka ba su kuɗi tun farko, suka fito da abu guda, aika kuɗi gida. A kan wannan aka ƙaddamar da M-Pesa a watan Maris na 2007, kuma kafin shekarar ta ƙare masu rajista sun haura miliyan 1.

A nan nake so mu ɗan dakata. Idan aka ce aiwatarwa ita ce cika abin da aka rubuta a takardar tsari, to mutanen nan sun gaza, domin sun watsar da tsarin. Abin da suka yi daidai shi ne sun fita da abin tun yana ƙarami, sun zuba ido a kan abin da mutane suke yi da shi, kuma shugabanninsu sun ba su damar canja hanya. Wannan dabara ta “aika kuɗi gida”, wadda a yau ake yabawa kamar wani ne ya hango ta daga ofis, daga hannun mata da mazan da aka yi gwajin da su ta fito.

Sai kuma aikin da ba a cika ba da labarinsa ba, wato na wakilai. Fasahar M-Pesa ba ta da wani sarƙaƙiya: saƙon tes ne da ɗan jerin zaɓi da aka saka a katin waya, yana aiki a kan kowace ƙaramar waya. Wahalar tana wurin mai shagon da zai karɓi tsabar kuɗi ya tura na waya, ko ya karɓi na waya ya ba da tsaba. Wakili yana riƙe da jari iri biyu, na aljihu da na asusu, kuma kowane ciniki yana rage ɗaya ya ƙara ɗaya. A birni, inda ake yawan zubawa, na asusu ke ƙarewa. A ƙauye, inda ake yawan cirewa, tsabar ke ƙarewa. Duk ranar da tsohuwa ta yi tafiyar ƙafa ta zo karɓar abin da ɗanta ya aiko, aka ce mata babu kuɗi, ta daina yarda da tsarin, kuma za ta faɗa wa maƙwabtanta. Duk wanda ya yi layi wajen masu POS a Kano ko Kaduna a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, ya san yadda abin yake.

Safaricom ya bi da wannan matsala ta hanyoyin da ba su da wani armashi a labari. Ya fara da dilolin katin waya da ya riga ya daɗe yana hulɗa da su, ya ɗora musu alhakin kula da ƙananan shagunan da ke ƙarƙashinsu da daidaita musu jari. Ya biya wakili lada a kan kowane mutum da ya yi wa rajista, don ya sami abin kashewa kafin ciniki ya kankama. Ya sa masu zagayawa shago-shago suna horarwa, suna duba littafin shigar da ciniki, suna tabbatar da akwai jari. Daga baya ya shigo da bankuna, don wakili ya iya zuwa reshe mafi kusa ya sauya tsaba da kuɗin asusu. Ya kuma lura da yawan wakilai da yawan masu amfani, kada ɗaya ya tsere wa ɗaya: idan wakilai suka yi yawa ba za su sami riba ba, idan suka yi kaɗan layi zai kori mutane. Kuɗin jama'a kuma aka ajiye su a asusun amana a banki, dabam da dukiyar kamfani, wanda hakan ya taimaka wajen samun amincewar Babban Bankin Kenya.

Shaidar cewa ba manhajar ce sirrin ba ta zo daga Afirka ta Kudu. A 2010 kamfanin Vodacom, ɗan uwan Safaricom a gidan Vodafone, ya ƙaddamar da M-Pesa a can tare da bankin Nedbank, da burin samun mutum miliyan 10 cikin 'yan shekaru. Suna ɗaya, fasaha ɗaya, uwar kamfani ɗaya. Aka sake ƙaddamarwa a 2014, sannan aka rufe a 2016 da masu amfani na a kai a kai kimanin 76,000. Mafi yawan manya a ƙasar suna da asusun banki, dokokin harkar kuɗi sun fi tsauri, kuma ba a taɓa gina wakilai masu yawan da aka gina a Kenya ba. An ɗauko amsar da aka samu a Nairobi an kai ta inda tambayar ta bambanta.

4.0 Fremont: abin da ido ke gani amma hannu ya kasa ɗauka

Misali na gaba gajere ne, amma yana amsa tsoron ɗalibin da ke ɓoye takardarsa. A 1982 kamfanin General Motors ya rufe masana'antarsa ta Fremont a jihar Kalifoniya, wadda ta yi ƙaurin suna wajen fashin aiki, yajin aiki da fitar da motoci masu aibi. A 1984 aka sake buɗe ta da sunan NUMMI, bisa haɗin gwiwa da Toyota. Mafi yawan ma'aikatan da aka ɗauka tsofaffin ma'aikatan wurin ne, kuma ƙungiyar ƙwadagonsu ba ta canja ba. An kai ɗaruruwansu masana'antar Takaoka a Japan suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa da takwarorinsu. Cikin ɗan lokaci ingancin motocin Fremont ya kusa kamo na Takaoka.

Toyota bai ɓoye komai ba. Manajojin General Motors sun yi ta zuwa suna gani da idonsu, har da igiyar nan da kowane ma'aikaci ke da ikon ja idan ya ga matsala, shugaban rukuninsa ya zo da gudu, in ba a warware ba layin harhaɗa motoci ya tsaya. Amma kai wannan tsari sauran masana'antun kamfanin ya ɗauki shekaru masu yawa, yunƙurin farko a masana'antarsa ta Van Nuys kuma bai yi nasara ba. Rataya igiya abu ne na yini ɗaya. Abin da ke da wuya shi ne manajan da ake auna ƙwazonsa da yawan motocin da suka fita ya yarda a tsayar da layi, ma'aikaci ya tabbata ba za a hukunta shi don ya ja ba, masu kawo kayan gyara da masu zana mota su ma su saurari abin da ya gano. Wannan ilimi yana zaune ne a cikin ɗabi'un mutane dubbai da yadda ake saka musu, shi ya sa ba ya satuwa. Dabarar da za a iya sacewa da karanta shafi goma, dama ba ita za ta riƙe kasuwa ba.

5.0 Suka guda biyu

Suka ta farko ita ce, ƙwarewa a aiki ba ta ceton wanda ya kama hanyar da ba ta ɓullewa. Gaskiya ne, kuma Kodak shaida ne. Ana yawan cewa kamfanin ya ƙago kyamarar dijital a 1975 ta hannun injiniyansa Steven Sasson, sannan ya yi watsi da ita. Labarin bai cika ba. Kodak ya zuba kuɗi mai yawa a wannan fanni, ya sayi shafin ajiye hotuna na Ofoto a 2001, kuma a 2005 shi ne kan gaba wajen sayar da kyamarar dijital a Amurka. Duk da haka ya nemi kariyar kotu saboda karyewa a watan Janairu na 2012. Ribar fim da wankin hoto mai kauri ce, ta kyamarar dijital kuwa siririya, daga baya ma waya ta haɗiye ta. Kodak ya yi aiki tuƙuru, amma ya ci gaba da ɗaukar cewa mutane za su riƙa buga hotunansu a takarda. Wannan bai rushe hujjata ba, sai dai ya iyakance ta: aiwatarwar da nake karewa ita ce wadda ke barin abin da aka gani a kasuwa ya taɓa ainihin tsarin samun kuɗin kamfani, kamar yadda aka yi a Nairobi. A nan ne tsohon kamfani ya fi shan wahala, domin ma'aikatansa da ma'aunansa da kasafinsa duk an gina su ne don kare abin da ke kawo kuɗi yau.

Suka ta biyu ta fi damuna, domin ta shafi mu masu bincike. Idan kamfani ya ci nasara sai mu ce ya iya aiwatarwa, idan ya faɗi mu ce bai iya ba. Kalmar da ke bayyana kowane sakamako bayan ya faru ba ta bayyana komai. Mafita ita ce a auna aiwatarwa da abubuwan da za a iya gani tun kafin a san ƙarshen labari. Shin an gwada abin a ƙaramin wuri da masu saye na gaske kafin a zuba babban jari? Kwana nawa ake ɗauka kafin koken mai shago ya isa ga wanda ke da ikon canja tsari? Kowane mutum da abin zai bi ta hannunsa, daga mai kawo kaya zuwa mai sayarwa na ƙarshe, yana da ribar da za ta sa ya ci gaba? Wane kaso na jarin aka ware wa mahaɗi? Waɗannan tambayoyi suna da amsa a ranar buɗe masana'anta, kuma da su nake so mu dubi misalinmu na gida.

6.0 Kadawa, da darasin 1912

Dabarar kafa masana'antar tumatir a Kadawa, cikin ƙaramar hukumar Garun Malam ta jihar Kano, ba ta da makusa a takarda. Yankin yana shan ruwan madatsar Tiga, manoman rani sun gaji noman tumatir, kuma duk wanda ya bi ta Kwanar Gafan a tsakiyar kaka ya ga kwanduna jibge a rana, farashi ya faɗi, wani ya ruɓe, wani an yanka ana shanya kauɗa a bakin titi. A lokaci guda ƙasarmu tana kashe kuɗin waje tana shigo da markaɗaɗɗen tumatir, mafi yawa daga Sin. Rukunin kamfanonin Dangote ya gina masana'antar da za ta iya sarrafa tan 1,200 na ɗanyen tumatir a kullum, ta fara aiki a watan Maris na 2016. Ba a jima ba ta tsaya. A shekarar ce tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, farashin kwando ya yi tashin gwauron zabo. An sake buɗewa a 2019, aka kuma ci gaba da buɗewa da rufewa. A 2021 masu gudanar da ita sun shaida wa manema labarai cewa tana aiki ne da kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfinta, saboda ƙarancin tumatir.

Ba don a ɗora wa wani laifi na kawo wannan misali ba. Wanda ya zuba jarinsa a karkarar Kano, alhali yana iya shigo da kaya daga waje ya huta, ya cancanci a jinjina masa. Kuma tsutsa annoba ce. Amma matsalar ta ci gaba bayan annobar ta lafa, don haka dole mu duba lissafin. Tan 1,200 a kullum daidai yake da tirela 40 masu ɗaukar tan 30, kowace rana, ba fashi. Mu ƙaddara hekta ɗaya tana ba da tan 10: ana bukatar amfanin hekta 120 a kullum, wato hekta 12,000 idan za a yi aikin kwana 100. Kuma ba a so su nuna lokaci guda, sai an jera dashe mako bayan mako. Manomin da ke da rabin hekta, dubbai irinsa za a tsara wa ranar dashe da ranar tsinka, a ba su irin da ya dace da markaɗe, mai tsoka da ƙarancin ruwa, a kai musu taki da magani a kan kari, a kwashe kayan kafin su lalace, a biya su ba tare da jinkiri ba.

Sai babbar maganar, wato farashi. Masana'anta tana gogayya da markaɗaɗɗen tumatir na waje, don haka akwai iyakar abin da za ta iya biya. Manomi kuwa yana da wata ƙofa: dillalin kayan gwari da ke lodi zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, da kuɗi a hannu. Idan kaya suka yi yawa farashi ya faɗi, kowa zai nufi masana'anta. Idan suka yi ƙaranci, ko wanda ya sa hannu a yarjejeniya zai sayar wa dillali, kuma ban ga yadda za a zarge shi ba, domin da wannan 'yar ribar zai biya bashin taki da na man injin ban ruwa. A 2017 gwamnatin tarayya ta ɗaga harajin shigo da markaɗaɗɗen tumatir zuwa kashi 50 cikin 100, da ƙarin dala 1,500 a kan kowane tan. Wannan ya taɓa gefen sayarwa, amma bai ƙara ko kwando ɗaya a gona ba. Kamfanin da kansa ya gane haka, shi ya sa daga baya ya kafa wurin renon iri a Kadawa don raba wa manoma dashe mai yawan yabanya. Mataki ne mai kyau. Abin da nake cewa shi ne, a wannan harka gonar ce ainihin ƙirƙirar, injin kuwa ana iya sayo shi daga ko'ina, kuma da an fara da 'yan shekaru na aiki da manoma da ƙaramin injin gwaji, da lissafin ya bayyana tun kafin a zuba babban jari.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne ƙasar Kano ta taɓa ganin irin wannan. Lokacin da layin dogo ya iso Kano a 1911, auduga Turawa suka sa rai zai riƙa kwasa zuwa masaƙun Lankasha, kuma ƙungiyar masu noman auduga ta Birtaniya ta yi shiri a kan haka. Kamar yadda masanin tarihin tattalin arziki Jan Hogendorn ya nuna a bincikensa, masaƙa da marinan ƙasar Kano suna biyan auduga fiye da abin da Turawan ke tayawa, don haka ba ta kai tasha yadda aka zata ba. Abin da ya cika taragu daga kakar 1912 gyaɗa ce. Manoma sun auna sun ga ta fi riba, ga shi ana cin ta idan shekara ta yi wuya. Waɗanda suka tattaro ta kuwa fataken goro ne, Agalawa da takwarorinsu, waɗanda suka daɗe suna bin hanyar Gwanja. Ba su suka shimfiɗa dogo ba, ba su suka gano kasuwar man gyaɗa a Turai ba. Abin da suke da shi yara ne a ƙauyuka, da sanin wanda za a ba bashi ya biya, da amanar da aka gina shekara da shekaru, har suna ba manomi kuɗi ko kaya tun kafin girbi. Daga cikinsu Alhassan Ɗantata ya fito, wanda daga baya ya zama babban mai saye wa kamfanonin Turawa gyaɗa.

Tsakanin audugar 1911 da tumatirin 2016 akwai shekaru fiye da 100, amma wurin da lissafi ya karye ɗaya ne: an ɗauka manomi zai kawo kaya saboda an gina inda za a kai su, ba a auna wanda ke tsaye a bakin gonarsa da farashi mafi tsoka ba. Don haka nake ba abokan aikina shawarar mu karkata binciken ɗalibanmu na digiri na biyu da na uku zuwa wannan gefe. Muna da rubuce-rubuce da yawa a kan ƙarfin injuna da manufofin haraji. Abin da ya kamata a ƙara shi ne bin dillalan Kwanar Gafan da na kasuwar 'Yankaba kaka guda cur, a rubuta yadda suke ba da bashin iri da taki, yadda suke sanin gonar da za ta nuna mako mai zuwa, nawa suke biya a kowane mako daga Janairu zuwa Mayu, da kuma abin da ke sa manomi ya riƙe alkawarin dillali ko da wani ya zo ya taya masa sama da haka.